Ɗan Farinmu da Duwatsun Kiyoto

Sakkwato zuwa Kano

Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, mu uku a cikin mota: ni, da maiɗakina Hajiya Luba, da autarmu Asma'u, 'yar shekara goma sha ɗaya. Direbana Garba ke ja. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo ƙasa, duk wanda ya karɓi albashi sai ya nufo shagona a kasuwa ya ce a ba shi rediyo ko keken ɗinki. Da ciniki ya yi kauri, kamfanin da nake sarin kayansa a Osaka ta ƙasar Japan ya gayyace ni, ya ce in zo da iyali in ina so.

Da ni kaɗai zan tafi, amma ga abin da ya sa na ɗauki Hajiya. A bazarar shekarar sanƙarau ya ɗauke mana ɗanmu na fari, yana da shekara goma sha shida. Wanda ya san gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna nata ne. Tun da aka yaye shi mahaifiyata, Inna, ta ɗauke shi zuwa Dundaye, can ya girma. In ya zo gaishe mu, Hajiya takan kau da kai ta ce wa Asma'u, "Kai ma wancan abinci." Ranar da ya rasu ba ta zubar da hawaye ba, matan unguwa suka yi ta yabon dauriyarta. Daga ranar kuwa maganarta ta koma e da a'a, abinci sai an matsa mata. Kafin kaka awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, a canza mata wuri. Ni tsorona kada in binne mutum biyu a shekara guda.

A Talata Mafara sojoji sun gitta ganguna a hanya. Wani kofur ya leƙo ya ce, "Ina za ku?"

Garba ya ce, "Kano, yallaɓai. Alhaji za ya Japan."

"Japan inda ake yin babur? To, Alhaji, ka gaya musu su rage tsada."

Muka yi dariya, ban da Hajiya. Muka ci abinci a Gusau, muka shiga Kano da la'asar, muka sauka gidan wani abokin cinikina a Fagge.

Kano zuwa Osaka

Washegari jirgi ya ɗauke mu zuwa Alƙahira. Can muka canza wani, wanda ya yada zango a Bambai da Bankok kafin ya sauke mu Tokiyo. Ba zan iya faɗin tsawon tafiyar ba, don rana ta rikice mini, na riƙa tambayar ma'aikatan jirgi ko wace salla ce ta yi. Duk tiren abincin da aka ajiye gaban Hajiya haka aka ɗauke shi.

Wani ma'aikacin kamfanin ya tarye mu, ya sa mu a jirgin ƙasan nan nasu mai gudun tsiya. Asma'u ta manna fuska a taga tana ƙirga gidaje, suka gagare ta. Sanyin kaka ake yi, ganyen itatuwa sun yi ja. Mutanen ƙasar kuwa gaisuwarsu sunkuyo ce, ka sunkuya su ƙara sunkuyawa, har na ga in na biye musu ba za a yi ciniki ba. Kwana uku ina yawon masana'anta, Hajiya na zaune a ɗakin otal tana kallon bango. Kilishin da muka zo da shi ni da Asma'u muka cinye.

Kiyoto

A rana ta huɗu kamfanin ya ce hutu ne. Sun ɗauko mana mota da direba da 'yar rakiya, mu kaɗai, ta zaga da mu tsofaffin wuraren bautarsu a Kiyoto, mu dawo da yamma. Sunanta Madam Haruko, mai kimanin shekara hamsin, gajeruwa, da farar safar hannu da Turanci mai sanyi. Ita ke faɗa da Turanci, ni ina juya wa iyalina da Hausa.

Tun a gida na tambayi malaminmu hukuncin shiga irin waɗannan wurare. Ya ce kallo don ɗaukar darasi ba laifi, ban da sunkuyo, ban da taɓawa. A cikin mota na maimaita wa Asma'u har sau biyu. Hajiya ban ga bukatar gaya mata ba.

Wurin farko yana gindin dutse, da ƙofofin katako jajaye a jere, ɗaya bayan ɗaya, har sama. A bakin shiga akwai kwamin ruwa da ludaya, mutane na wanke hannu da baki.

Asma'u ta ce, "Baba, su ma suna alwalla?"

Na ce, "Ba alwalla ta ba. Wuce."

Na biyu wani ƙaton zaure ne na katako, wanda Madam Haruko ta ce ya girmi kakannin kakanninta. Aka tuɓe takalma a ƙofa. Ciki duhu, turaren wuta ya cika wurin, ga wani gunki zaune an shafe shi da ruwan zinari. Na tsaya nesa, hannuna a baya, ina istigfari a zuci. Amma zan faɗi gaskiya, ni ɗan kasuwa ne mai duba aikin hannu, ban taɓa ganin an haɗa katako haka babu ƙusa ba. Kuma ko tari ban ji wani ya yi a ciki ba.

Da rana ta kai mu wani gidan abinci inda ta tabbatar mini ba nama ba giya a girkin. Shinkafa ce da ganye da wani farin abu na waken suya, irin wanda yanzu yara ke soyawa suna kira awara. Asma'u ta yi ta kokawa da tsinkayen cin abinci har aka tausaya aka kawo mata cokali. Hajiya ta yi loma biyu ta ajiye. Na ga Madam Haruko ta dubi kwanon, ta dubi wuyan hannun Hajiya. Ta roƙa mana wani ɗaki muka yi azahar, muna fuskantar yamma, don a can Makka yamma take.

Bayan salla ta ce, "Akwai sauran manya biyu, amma suna da cunkoso, kuma uwargida ta gaji. In kun yarda in kai ku wani ƙarami, ba hayaniya."

Muka hau wata 'yar hanya cikin gora har bayan gari. Da muka zagaya bayan ginin sai na tsaya cak. Duwatsu ne ƙanana a jere, layi bisa layi har gangaren tudu, tsawonsu bai wuce gwiwa ba, kowanne an sassaƙa masa fuska zagayayya irin ta jinjiri. An ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, an sa musu hulunan saƙa. Gaban wasu akwai alewa, wasu 'yar motar wasa. Can gefe wata tsohuwa ta tsuguna gaban ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa.

Asma'u ta tambaya. Madam Haruko ta ce iyayen da suka rasa 'ya'ya ke kafa su. A imaninsu wannan siffar ce ke kula da yaran da suka mutu. Uwa takan saƙa hula don sanyi, ta zo ta kira sunan ɗanta, ta ba shi labarin gida.

Na juya musu a taƙaice na ce, "Kayan al'adarsu na. Mu tahi."

Sai na ji muryar Hajiya. "Ba shi ke nan ba. Mi tac ce? Hwaɗa min duka."

Rabon da in ji ta haɗa kalmomi haka tun bazara. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta saki hannun Asma'u, ta bi layin a hankali tana duban fuskokin ɗaya-ɗaya. Wajen tsakiya ta tsaya, ta durƙusa bisa gwiwoyinta, ta miƙa hannu biyu.

Na ce a raina baƙin ciki ya kai ta ga abin da ya fi mutuwa muni, kuma ni na kawo ta. Na isa wurin da sauri na kama kafaɗarta.

"Ke, mi kikai? Tashi."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba sujada nikai ba, Alhaji. Hulla ta ta karkace, kunnenai na waje."

Na duba. Iska ta ture hular gefe. Ta jawo ta, ta rufe kunnen dutsen, ta gyara ƙullin ƙyallen, ta share ganyen da ya faɗo bisa kan. Shekara goma sha shida ban taɓa ganin ta gyara wa ɗanta ko wuyan riga ba. Na saki kafaɗarta.

Madam Haruko ta matso. "Kun rasa yaro?"

Na ce e.

Ta tsuguna kusa da Hajiya, ta dube ta, ta ce, "Mene ne sunansa?"

Wannan ban juya ba. Na bayyana mata cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce da girmamawa, haka muka tarar.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta nuna can saman tudu ta ce nata yana layin ƙarshe, yana da shekara uku ya rasu, bayan yaƙin duniya na biyu. Ta faɗi sunansa. Hajiya ta sa na juya mata, na juya.

Ta ce, "Tana kiran sunanai? Gaban mutane?"

Na tambaya, aka ce e, duk wata.

Ni dai ban yarda da dutse ba, ba kuma zan yarda ba. Mamaci addu'a yake bukata, ba hula ba. Amma na ji tausayin matan nan, kuma na ji wani abu mai kama da hassada, don sun sami inda za su kai abin da ke cinsu, matata ba ta samu ba.

A cikin mota hawaye suka zo mata. Ba sauti, zuba kawai suke har bisa gyalenta. Madam Haruko ta cire safar hannunta ta riƙe mata hannu har Osaka. Ni na juya ina kallon gonakin shinkafa. Sunan dai ba ta faɗa ba.

Komawa gida

Bayan kwana biyu muka kamo hanya ta inda muka zo. Hajiya ta koma shirunta, na ce to, kuka ne kawai aka samu, Allah ya sa ya isa. Garba ya tarye mu a Kano, muka kwana, muka shiga Sakkwato da yamma, zafin garinmu ya mare mu tun daga Shuni. Gida ya cika da 'yan barka da sauka. Na gode wa Allah da ya kai mu inda rana ke fitowa ya maido mu lafiya, na gode wa Garba, na kuma yi wa Madam Haruko fatan shiriya da alheri, don ta yi mana abin da ba a cikin aikinta yake ba.

Dundaye

Washegari da hantsi muka kai wa Inna tsaraba. Tana zaune bisa tabarma a inuwar ɗakinta, idonta ya yi rauni. Hajiya ta tuɓe takalmi tun daga nesa, ta durƙusa kamar yadda suruka ke yi, kai a ƙasa, ta gaishe ta.

Inna ta ce, "Kun sha hanya. Mi kunka gano?"

Na buɗe baki zan ba da labarin jirgin ƙasa, sai Hajiya ta riga ni.

"Inna, ki ba ni labarin Kabiru. Mi shika so shi ci?"

Matan gidan da ke tsaye suka dubi juna. Wata ta kama baki. Ni kaina sai da na ji kunya ta rufe ni, a gaban uwata. Na ɗauka Inna za ta yi fushi. Sai ta matsa gefe ta bubbuga tabarma.

"Zo nan kusa, ɗiyata."

Hajiya ta matsa.

"Hura shika so, mai tsami, ba sukari. In an sa mai sukari sai shi ture ƙwarya. Kuma duk ran da yat tai gaishe ku, in ya dawo nan shika zama, inda kike zaune, shi ce, Inna, yau Hajiya ta dube ni."

Hajiya ta kifa kai bisa cinyar Inna. Aka daɗe a haka, ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Da ta ɗago ta share fuska ta ce a dama mata fura irin ta Kabiru. Aka dama, mai tsami, ba sukari. Ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta shanye duka.