Robar Maganin Kawu

Jiya a motar Jega wata mata ta motsa jakarta, robar magani ta yi kacau-kacau. Nan take Kawu ya faɗo mini a rai, har da warin albasar Aliero da ba ya barin rigarsa.

Shekara da shekaru yana shan maganin ƙanjamau, bai taɓa fashi ba. Kullum da safe in ya sha kunu, sai ya kaɗa mini robar a kunne ya ce, "Ɗiyata, ni da ciwon ga mun yi sulhu."

Da girma ya zo, mantuwa ta kama shi. A asibiti suka ce hakan na samun wasu masu ciwon, a dai riƙa tuna masa da maganinsa. To, har ɓoyon ciwon da yake yi ma ya manta. Ranar da surukai suka zo daga Maiyama, ya fito da robar a zaure yana murmushi, ya gaya musu ko maganin mene ne.

A ranar 'ya'yansa suka ƙwace ta suka kulle, wai ya kunyata su, su za su riƙa ba shi. Yau a ba shi, gobe a share. Da jiki ya rikice suka ce iska ce, aka yi ta turare.

Zuwana na ƙarshe na tarar yana laluben aljihu. "Ɗiyata, akwai wani abu mai ƙara nan. Ina ya shiga?"

Da ya rasu, 'ya'yansa suka ce wai tsufa ne ya kashe shi. Ƙarya suke yi! Shi ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, su kuwa tasu lafiya lau.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Su kuma Allah Ya ba su tsawon rai, da 'ya'ya masu gudun abin kunya irinsu.