Ranar da Kaka Ta Kira Sunan Babana

Tun da na yi wayo a gidanmu na Gure, ban taɓa jin Kaka Falmata ta kira sunan babana ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurin matan zamaninsu kiran sunan ɗan fari babbar rashin kunya ce. "Yaron nan" take ce masa, ga shi da gemu har da ƴaƴa uku. Akwai wani maƙwabcinmu da suke suna ɗaya, shi ma bawan Allah sai ya rasa sunansa a bakinta, ya koma "mai kanwa" har ya bar duniya.

Shekarar da yaƙin Faransa da Alman ya tashi, ana gama yankan gero aka zo ɗibar soji, aka haɗa da babana. Mata na ta kuka a bakin hanya, ita kuwa tana zaune tana saƙar tabarmar kaba. Ya durƙusa ya yi mata sallama, ta ce, "Allah ya kiyaye," kamar mai zuwa kasuwar Gidigir. Ranar na ji haushinta ƙwarai. Ina ƴar shekara bakwai, na ɗauka ba ta son shi.

Da sanyi ya shigo, muna gama cin tuwo take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Har yau in na ji ƙaurin kara sai in ga yatsunta suna murɗa kaba. Takan ce, "Ku matso, baƙuwa ta iso." Mu ce, "A ba ta wuri." Daga nan sai tatsuniya.

A lokacin ne labari ya bazu cewa kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana da wani akwati a bariki mai magana, wai shi radiyo. Malam Sanda tafinta, ɗan ƙawar Kaka, shi ya yi mata bayani da ya zo gaishe ta. Ya ce da safe akwatin yakan ba mutanen gida labarin yaƙi, da rana manya su yi jawabi, da yamma kuma a sa wa sojin da ke fagen fama kiɗa, a miƙa musu gaisuwar iyayensu.

Kaka ta tsayar da saƙa. "Har da suna?"

"Har da suna, Iya."

A wannan maraice ta zo mana da tatsuniyar da ba mu taɓa ji ba. Wai Dodo ne ya kwashe samarin wani gari, ya kai su bayan wani ruwa da ba a hango gaɓarsa. A bakin garin akwai tsuntsuwa bisa goruba, in ta yi magana nan sai a ji can. Mata suka riƙa kai mata gero suna kiran sunayen ƴaƴansu, kowane yaro ya ji muryar uwarsa ya biyo ta har gida. Sai wata mata ta zo da nata geron ta ce, "Gai da mini yaron nan." Tsuntsuwa ta ce, "Wane yaro? Daji cike yake da yara." Matar ta juya ta koma gida.

Muka ce, "Sai aka yi yaya?"

Ta ce, "Sai wuta ta mutu. Ku tashi."

Haka ta yi ta yi mana. Kullum matar ta kai gero, kullum ta dawo da sunan a bakinta. Da na gaji na ce, "Kaka, wannan mata wawiya ce."

Ta harare ni. "Ke ƙawata, bakinki ya fi ki girma. Bari ki haihu tukuna."

Wata yamma ta ɗaura zanenta na unguwa, ta ƙulle goro a ganye, ta ja hannuna sai bariki. An fito da akwatin baranda, mutane sun zazzauna a kan rairayi. Yana ta ƙara kamar ana suya, wani mutum na zuba Faransanci, can kuma kiɗa ya biyo. Da kumandan ya shiga ciki, jama'a suka fara watsewa, sai ta matsa.

"Sanda, tunda yana kai gaisuwar mutanen can, zai kai tawa?"

Malam Sanda ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi fuskarta, ya fasa. "Faɗi, Iya."

Ta ajiye goron a gaban akwatin, ta durƙusa. "Ka gai da yaron nan." Ta girgiza kai da kanta, sannan ta juyo gare ni. "Ke, toshe kunnenki."

Na ɗora hannu a kunne, amma ban toshe ba.

"Mamadu," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Mamadu na Falmata. Ni ce. An ce ƙasar akwai sanyi, ka riƙa rufe ƙirjinka. Ka dawo, ka ji?"

Muka koma gida. A bakin wuta ranar, matar cikin tatsuniya ta faɗi sunan, ɗanta kuma ya dawo. Muka tambayi sunan, Kaka ta ce tsuntsuwa ta tafi da shi.

Kaka ba ta ga ƙarshen yaƙin ba. Da na girma na gane akwatin ba ya jin kowa, na daɗe ina tausayin tsohuwar da ta karya kunyar rayuwarta a gaban katako. Yanzu da nake da nawa ɗan farin, wanda ni ma ban iya kiran sunansa, na sake tunani. Jikoki ne cike da gidan, amma ni mai bakin nan ta ja, kuma ta san sarai ban taɓa toshe kunne don an ce in toshe ba.

Babana ya dawo a rame, da tari. Wata yamma muna zaune a ƙofar ɗakinta da aka rufe, ya tambaye ni a hankali, "Dije, Iya ta taɓa yin maganata kuwa?"

Na ba shi labarin goron da akwatin. Ya juyo ya dube ni.

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta, Baba."

"Yaya ta faɗa?"

Ni ma kunya ta kama ni, don ƴa ba ta kiran sunan ubanta. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya yadda ta yi, na ce, "Mamadu. Mamadu na Falmata. Ni ce."

Ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Na'am, Iya."