Rakiyar Obi

A gidanmu na Fagge kakarmu Fanna ce mai tatsuniya. 'Yar Barno ce, ta tsufa a Kano amma Barbarci bai saki harshenta ba. Da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu tana gasa mana gyaɗa, mu kewaye ta. Cikinmu har da Obi, ɗan wani kafinta Ibo na Sabon Gari da ke yi wa babanmu akwatuna. Hausarsa ta fi ta Kaka fita, abin yana ci mata rai.

"Kai ɗan kafinta, sake gyara min magana ka ga ko za ka ci gyaɗa."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani sarki ya yi alkawarin riga ga wanda ya fi jarumtaka. Aka dawo daga yaƙi, wannan ya koro dawakai, wancan ya kwaso takubba. Can sai ga wani a ƙasa, ba mashi ba garkuwa, ya goyo mutum. Fadawa suka fashe da dariya. Sarki bai yi ba.

"To wa aka ba rigar, Kaka?"

"Ta ƙare, ƙurunƙus. Bukar, tashi ka raka baƙo."

Bukar yayana ne, kuma duk unguwar an san shi da tsoro. Haushin kare kawai sai ya sa shi rugawa gida.

"Kaka, ai ya san hanya."

"Na ce bai sani ba? Wanda ya ci gyaɗarmu ba ya tafiya shi kaɗai."

Haka zai kai Obi har bakin Sabon Gari, ya dawo shi ɗaya yana haki.

Su Obi sun bar Kano gab da yaƙin basasa, ba ko sallama. Bukar ya shiga soja, har aka ba shi lambar yabo saboda kwaso waɗanda aka harba yana goyo, wuta na tashi. Ni kuma na zauna a Hartum da Akara ta Gana da Landan, inda mai gida ke sallamar baƙo daga bakin ƙofa. Gumakan sojojin da na gani a dandalinsu yawanci bindiga suke riƙe da ita.

Bayan Bukar ya tsufa na tambaye shi labarin lambar. Ya ce akwai mutum ɗaya da hafsoshi ba su sa a lissafi ba, sojan ɗaya ɓangaren ne, ya same shi kife a bakin rafi. Ƙeyarsa sak ta Obi.

"Shi ne, Yaya?"

"A'a. Sai da na ɗaga shi na ga fuskar. To na riga na ɗauka, ina zan ajiye ɗan mutane?"

Har ya rasu yana cigiyar Obi wajen direbobin Sabon Gari. Ni kuwa tun ranar na daina jin haushin Kaka da ta ƙi faɗa mana wanda aka ba rigar.