Gundar da Ta Ci Azarar Bariki

Ƙanen ubana ne ya sa aka yi wa ubana bulala a bainar jama'a, shi ne kuma ya raba shi da sana'arsa. Na faɗa maka tun farko, ba na son kewaye-kewaye. Har yau in na ga farin gari ya zubo daga rufin ɗaki, sai raina ya ɓaci.

Ubana magini ne, daga Kusada har Kankiya an san hannunsa. Shekarar da aka ce a gina bariki, masaukin Bature in ya fito rangadi, shi aka ɗora wa rufi, Baffa kuma aka sa shi kawo azara. Azarar kirki daga tsohuwar giginya ake tsaga ta, da rani, a ɗauki bayanta mai tauri. Baffa ya ga nisa. Ya sare ƙanana nan kusa cikin damina, ya haɗa har da cikin mai taushi.

Ban fi shekara goma ba, amma ina tuna yadda ubana ya ƙwanƙwasa azarar, ya kara kunne, fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Gara da ƙasa take tafiya, kana ganin hanyarta a jikin itace. Wanga kuwa duba, huji kamar na allura, ga gari mai laushi. Gunda ce. Daga ciki take ci, waje sumul."

Baffa ya yi dariya. "Haba Yaya! 'Yar gara ce. A zuba toka, shi ke nan."

Dogari na tsaye da bulala, an ce Bature na hanya. Ubana ya rufa.

Damina ta biyu rufin ya rufto kan gadon Bature, Allah ya sa ba ya ciki. Da aka tara mutane, Baffa ya rantse ubana ne ya zaɓi itacen da hannunsa. Ubana ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Uwa ɗaya ta haife su. Bayan bulalar ba wanda ya ƙara kiransa ko yaɓen katanga. A gonar mutane ya ƙare, yana ƙodago.

Ni na gaji sana'arsa. Yanzu masu hali sun fara koma wa rufin kwano, masu sauraron itace mun ragu. Bara Baffa ya aiko in duba masa soro, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na shiga. Gari a kan tabarmarsa, gari a bakin buta.

Ya ce, "Ɗana, gara ce ko? In sa a zuba toka?"

Na ce, "Baffa, ka san ba gara ba ce. Ka san ta, kai ka kai ta bariki. Ka kwashe kayanka yau, rufin nan ba zai ga kaka ba. Zan sake maka shi, azara tawa, aiki nawa. Amma ba zan ɗora ko ɗaya ba sai ran Juma'a ka tsaya ƙofar masallaci, ka gaya wa mutane wanda ya saro itacen barikin nan."