Baba Kallamu da Kan da Bai Nuna Ba

Baba Kallamu wanzami ne a wani ƙauye gabas da Shanono, kuma in kana son ka ɓata masa rai, ambaci reza. Askarsa gadon kakansa ce, ƙirar maƙera, mai kaifi gefe guda, ƙotar ta sha hannu har ta yi baƙi. Reza kuwa, in ji shi, abin da ke zuwa a naɗe cikin takarda kamar alewa, ya yi kai ɗaya a yar, ai ba ƙarfe ba ne, gwangwani ne.

Sai dai gwangwanin ya kwashe masa mutane kaf. Askar ma, tsakani da Allah, yawan wasawa ya cinye ta, ko kuɓewa ba ta yankawa. Sunan wanzami kaɗai ya rage masa, sai mutum ɗaya: Malam Uzairu mai gyaɗa, wanda sanƙo ya share wa kai tun yana saurayi. Duk Juma'a Uzairu zai zauna gindin darbejiya, Baba ya shafa ruwa, ya bi kan da aska a tsanake, ya karkaɗe gashin da babu. Ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ran nan wani baƙo, Abdussalam, mai noman tumatir a Watari, ya ga kan Uzairu na ƙyalli a masallaci, ya tambayi wa ya yi wannan aiki, aka ce Baba Kallamu ne. Ana idar da salla sai ga shi ya cire hula gaban Baba, suma cunkus kamar ciyawar damina.

Baba ya tsaya yana lissafi. In ya sa aska, asiri ya tonu gaban jama'a. In ya aika a sayo reza, gara mutuwa. Ya zagaya kan, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai sayen kankana.

"Ɗana, kan nan bai nuna ba. Aska irin wannan ba ta hawa ɗanyen kai. Je ka, masu reza su yi ta fama da shi, in ya kai na Malam Uzairu ka dawo."

Abdussalam ya mayar da hula, har da ba da haƙuri. Da ya yi nisa Baba ya zauna yana share gumi. Kunya ta rufe shi, don tun da yake bai taɓa mayar da kai da gashinsa ba. Uzairu ya matso, ya cire hula, ya sunkuya.

"Malam, ai ɗazu na yi maka," in ji Baba.

Uzairu ya ce, "Ai ka bar wani wuri a ƙeya ba ka aske ba."