Labulen da Aka Yi wa Godelieve

Godelieve Pauwels ta yi shekara ashirin da huɗu tana sayar da kifi a kasuwar bakin teku, har sanyi ya cinye mata gwiwoyi, likita ya ce ta nemi aikin zama. Wanda ta samu kuwa a sashen zane na jami'ar garin ne: ta tuɓe kayanta kaf, ta hau kujera kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ɗalibai su kewaye ta suna zana ta. Talata da Alhamis, awa uku ba motsi.

Ranar da ta gaya wa mijinta Remi, tsohon direban bas, cokali ya ajiye.

"Ke? Duk matan Beljiyam sun ƙare ne?"

"Kai da ka shekara talatin kana kallo ba ka zana ko layi ɗaya ba, rufe min baki."

Ta kuwa iya aikin. Ba ta susa, ba ta gyangyaɗi. In an tafi hutu sai ta yafa mayafi ta bi allunan ɗaliban tana dubawa. "Yaro, wannan cinya ce ko burodi?"

A shekararta ta shida wata ɗaliba ta zana ta da fenti, hoto mai tsayin ƙofa ɗaya da rabi. Ga tumbi, ga tabon aikin haihuwa, ga jijiyoyi sun yi ruɗu-ruɗu a ƙafa, fuskar tana hararar mutum kamar ya yi wa kifinta tayin wulaƙanci. Hoton ya ci gasa, aka rataye shi a matakalar laburare. Shekara goma sha ɗaya yana nan, ɗalibai suna wucewa da kofi a hannu, ba mai ko ɗaga kai.

Sai aka naɗa sabon mataimakin shugaba, Farfesa Claeys, mutum mai taushin murya da son taro. Ya kafa Kwamitin Kwanciyar Hankalin Ɗalibai. Kwamitin ya yi wata huɗu yana jiran ƙorafi, har Allah ya kawo takarda ɗaya, ba sa hannu, tana cewa hoton yana tayar da hankali.

Da Godelieve ta zo aiki ranar Talata ta tarar an lulluɓe hotonta da labule ruwan toka, an manna sanarwa: "Hattara, akwai jikin mutum a baya." Ɗalibai kuma sun yi layi har ƙasan bene, kowa yana ɗaga labulen yana leƙawa, ana ƙyalƙyala dariya. Kallon da ba a yi mata a shekara goma sha ɗaya ba aka yi mata a kwana biyu. Dariyar nan ce ta soke ta. Tunda take zama gaban masu zane, sai ranar ta ji kunya.

Ta nemi ganin kwamiti, aka ba ta ranar Juma'a. Ta same su su tara a kewaye da tebur, ga biskit a faranti. Ta zauna da doguwar kwat ɗinta.

Farfesa ya haɗa tafin hannu. "Madam Pauwels, ki fahimce mu. Mutuncin mata muke karewa."

"Wace matar, ranka ya daɗe? Ni ce a hoton. Wa ya tambaye ni?"

"Ai ba ke ba ce matsalar."

"To mutum-mutumin bakin ƙofar shigowa fa? Yarinyar Girka ɗin nan ta farin dutse, ko zare babu a jikinta. Me ya sa ba a yi mata labule ba?"

Wata 'yar kwamiti ta gyara tabarau. "Wannan ai kayan tarihi ne."

"Oho! Ita kayan tarihi, ni kayan shara. 'Yar nan, faɗi gaskiya, tsiraicin ne ya dame ku ko tumbin?"

An ƙure na'urar ɗumi, gumi ya fara tsattsafo mata. Ta miƙe ta kai hannu ta ɓalle maɓalli na farko, ta ɓalle na biyu.

Farfesa ya zabura har kofi ya kife a kan takardunsa. "Madam! Don Allah! Ba a nan ba!"

Mai rubuta bayanin taro ya kare fuska da fayil. Wani ya nufi ƙofa.

Ta cire kwat ɗin ta rataye a bayan kujera. Rigar sanyi ce a jikinta mai kauri har wuya, da siket har idon sawu.

"Zafi nake ji," in ji ta. Ta zauna ta ɗauki biskit.

Hakan bai hana su ba. Suka fitar da rahoto mai shafi arba'in, aka sauke hoton wai za a gyara bango, aka kuma kafa dokar cewa duk mai zama gaban masu zane sai ya sa kayan ninƙaya. Godelieve ta gwada sau ɗaya. Ta ga kanta a allunan yara kamar tsohuwar da ta ɓata a hanyar wanka, ta ɗauki jakarta ba ta sake komawa ba.

Ɗalibar da ta yi zanen, wadda yanzu take koyarwa a wani gari, ta rubuto cewa ita ke da hoton, a miƙa wa Godelieve. Remi ya aro motar ƙaninsa ya ɗauko shi, yana mita tun daga jami'a har gida. Da aka shigo da shi falo sai rufin ya yi masa gajarta, dole aka rataye shi a kwance, saman doguwar kujera.

Yanzu duk baƙon da ya shigo sai ya karkace wuya. Kwanan baya mai duba mitar gas ya tsaya a haka har fensir ya faɗi daga kunnensa. Ya waiwayo ya ga mai hoton tsaye da butar shayi a hannu, fuskarsa ta yi jajir.

"Ƙarasa kallonka a tsanake, ɗana," in ji Godelieve. "Sukari nawa za a sa maka?"