Daddawar Inna a Sonargaon

Shekarar da aka tura mu Bangaladash daga wurin aiki don mu ƙaro sani a kan noman shinkafa, duk gidanmu babu wanda ya ɗauki tafiyar da zafi kamar Inna, mahaifiyata. Ni malamin gona ne a wajejen Tofa, kuma kafin nan ban taɓa wuce Kaduna ba. Inna ba ta tambayi nisan ƙasar ba, ba ta damu da ko jirgin zai ratsa teku ba. Tambayarta ɗaya ce.

"Gidan wa za ka sauka?"

Na ce, "Inna, ai otal za a sa mu."

"To shi otal ɗin ba shi da matar gida?"

Na ce ba shi da ita. Ta dube ni kamar na ce mata mutanen can ba sa cin abinci, ta ce ita dai a iya saninta ɗan mutunci ba ya zuwa garin mutane hannu rabbana.

Inna mai daddawa ce, da ita ta rene mu. Muna yara, mata daga ƙauyukan da ke kewaye da mu gidanmu suke zuwa saye. Tana dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta har ta ruɓa yadda ake so, sannan ta kirɓa ta shanya. Amma zamani ya juya. Kowace tukunya yanzu magi take nema. Surukan Inna, har da matata, sun ce warin daddawa yana kama zani. A wannan shekarar Inna ta yi kaɗan, da ƙyar, saboda gwiwoyinta, ta kuma ce daga ita ta daina. Daddawar ta yi watanni a ɗakinta babu wanda ya ce a sam masa. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ina ganin yadda take bin tukunyar miya da kallo in ana jefa magi, kuma abin yana yi mini ciwo.

Ranar da zan tafi ta cika ɗan kwanonta mai murfi da daddawar, ta ɗaure da tsohon ɗankwali.

"Ka ba matar da ta dafa maka abinci da hannunta," in ji ta. "Ka tsaya ka ga fuskarta in ta buɗe, ka zo ka faɗa mini. Kwanona kuma a dawo mini da shi."

Da cewa ta yi kawai in ba wani, da na huta. Amma fuska ta ce in kawo mata, Inna kuwa ba a yi mata ƙarya. Tun kafin ka rufe baki ta gano ka.

Na naɗe kwanon da leda a kan leda, na cusa cikin kaya, na yi ta addu'a a filin jirgi har Allah ya rufa asiri. A Dhaka, babban birnin ƙasar, aka haɗa ni ɗaki da wani abokin aikina mutumin Gezawa, mai hanci kamar na kyanwa. Tun daren farko ya ce ɓera ya mutu a ɗakin. Da na faɗa masa gaskiya ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga nan ya raɗa mini suna angon daddawa. Na leƙa madafar otal ɗin ko zan dace, na tarar da maza zalla da dogayen huluna farare. A wurin karatu ma maza ne ke raba abinci. Kwanaki suka yi ta tafiya, kwano na nan a ƙasan gado yana sanar da kansa.

Ana gobe za mu dawo, aka ce za a kai mu yawon buɗe ido wani tsohon birni mai suna Sonargaon, ba nisa da Dhaka. Na saka kwanon a jakar hannu. Mutumin Gezawa ya gani, ya tashi ya koma kujerar gaba.

Hanyar kanta abin kallo ce. Kekuna masu ɗaukar fasinja an yi musu ado kamar ɗakin amarya, kowa na danna oda, babu mai jin na wani. Da muka fita gari sai ruwa: kududdufi nan, kogi can, shinkafa kore shar har iyakar gani. Ni da na saba ɗaga kai sama ina lissafin hadari, sai na ji har da ɗan ƙyashi.

Mai yi mana jagora wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, gemunsa ja wur da lalle. Turancinsa da namu sukan haɗu a tsakiyar hanya su gaisa, kowa ya fahimci abin da ya samu. Ya ce a da can nan ne mazaunin sarakunan yankin, kuma daga nan ake fitar da wani yadin auduga marar nauyi zuwa ƙasashe masu nisa. Ya kai mu wurin masaƙa, muka ga ana saka fure a jikin yadi zare bayan zare, yadin kuwa kana hango tafin hannunka ta cikinsa. Na ce da shi a garinmu wanda ya sa wannan ya fita, sai an tara masa dattawa.

Daga nan muka shiga wata unguwa da ake kira Panam. Layi ɗaya ne dogo, dama da hagu benaye na tsofaffin attajiran tufafi, da jan bulo da ginshiƙai da tagogi masu zane. Bishiyoyi sun tsiro a jikin bango, saiwoyinsu sun rungume ƙofofi. Masu gidajen sun daɗe da tashi. Abokan tafiyata suna ta ɗaukar hoto, dattijon na ta bayani, ni kuwa Allah ya gani abin da nake dubawa daban ne. Gidaje reras har ƙarshen layi, babu hayaƙin murhu ko ɗaya, babu shanya, babu matar gida. Na ce a raina, Inna, kin aiko ni garin da matan suka yi ƙaura. Gaskiya wurin ya burge ni, amma ya sa ni kewar gida, har na ji ina marmarin hayaniyar tsakar gidanmu da nake gudu kullum.

Muka ga wani ɗan tsohon masallaci mai ƙubba ɗaya, sannan muka yi azahar a masallacin unguwa, dattijon ne ya ja mu sallar. Muna fitowa direba ya nufi gidan cin abinci, sai dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce baƙin da suka yi salla a bayansa ba za su ci abincin saye ba, gidansa na nan bayan kududdufi, kuma mai ɗakinsa ta riga ta dafa. Jin haka na rungume jakata kamar za a ƙwace.

Aka shimfiɗa mana tabarma a baranda. Matar ta fito, dattijuwa ce ƙarama, ta kusa sa'ar Inna, ta ja gefen zaninta ta rufe kai. Da kanta take zuba mana shinkafa, in ka ce ya isa ta ƙara. Ga kifi, ga miyar wake, ga ganyen lalo soyayye, wanda na yi masa kallon ɗan garinmu da na haɗu da shi a tasha. Can sai ta ajiye wani ɗan faranti da abu baƙi-baƙi a dunƙule. Warinsa ya riga shi isowa. Mutumin Gezawa ya dube ni, ya ce, "Malam, danginka sun zo."

Dattijon ya shiga ba mu haƙuri. Ya ce busasshen kifi ne da ake bari ya ɗan ruɓa, a niƙa da barkono. Ya ce 'ya'yansu da ke birni ba sa yarda a dafa shi in sun zo, kuma ya roƙe ta kada ta fito da shi gaban baƙi, ta ƙi ji. Na ɗaga kai. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon farantin nan da babu wanda ya taɓa, irin kallon da Inna take yi wa tukunyar miya.

Na sa hannu na gutsura, na cakuɗa da shinkafa. Yaji ya hau mini kai, hawaye suka zubo, amma can ƙasa da yajin akwai wani ɗanɗano da harshena ya sani tun ina goye. Na miƙa faranti a ƙara mini. Sannan na kwance leda bayan leda, na miƙa mata kwanon da hannu biyu, na ce da mijin ya faɗa mata saƙo ne daga mahaifiyata.

Ta buɗe murfin, ta kai hanci, ta ja kai baya da sauri. Sai ta sake matsowa a hankali, ta shaƙa, ta lumshe ido, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ɓalli kaɗan ta ɗanɗana. Tambayoyi suka biyo baya, mijin na fassarawa da ƙyar: da me ake yi, kwana nawa ake rufewa, wa ya koya mata? Ba ta jira na gama ba ta shige ciki. Muka ji ƙarar dutsen niƙa, muka ji ƙamshin suya. Ta dawo da daddawar Inna an soya ta da albasa da barkono da wani mai mai hawa hanci, ta zauna daga gefe ta ci da shinkafarta, tana gyaɗa kai.

Da za mu tafi ta miƙo mini kwanon a ɗaure da ɗankwalinsa, na ji shi da nauyi. Ta cika shi da kifin nan. Ta yi wata magana tana nuna ni da yatsa, mijin ya yi kamar ba zai fassara ba, sannan ya faɗa mini yana jin kunya.

Na dawo gida da hotunan benaye cike da waya, Inna ko kallo ba su ishe ta ba.

"Ta buɗe?"

Na ce ta buɗe, kuma da fari ta ja da baya.

"Haka ake yi," in ji Inna. "Daga nan fa?"

Na ba ta labari tiryan-tiryan, har dutsen niƙa da suya. Ta ce suyar daddawa da albasa sabon salo ne, amma kowa da hannunsa. Ta kwance ɗankwalin, ta buɗe kwanon, ta ja kai baya, ta sake matsowa, ta yi dariya irin wadda na daɗe ban ji daga bakinta ba.

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce a gaishe da yayarta. Ta kuma ce, wai ɗan wannan kawai kika aiko mata?"

Inna ta shiga shafa murfin kwanon. Na ga idonta ya kawo ruwa, na kau da kai.

"Ai laifinka ne," ta ce can. "Kai ka yi ta cewa jaka ba ta ɗauka."

Ranar kasuwar Rimin Gado da sassafe na fito zan tafi aiki, na tarar ta sa an fito da babbar tukunyarta daga bayan rumbu, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kankare ta. Ta ce in biya kasuwa in auno mata kalwa mai kyau. Na tuna mata gwiwoyinta. Na kuma ce, "Inna, ni fa ba na jin za a sake tura ni ƙasar nan."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Wa ya tambaye ka? Mutum ya ce a ƙaro masa, sai a zauna?"